Gyaren Bayan Turken Awaki

Shekarata takwas lokacin da na kama gyaren farko da hannuna. A ƙauyenmu da ke gefen Randagi, ƙarshen damina lokacin gyare ne. Kamunsa kuwa yana da ƙa'ida. Da magariba yake fitowa bakin raminsa ya kama kuka, sai ka lallaɓa da 'yar fartanya, kana taku yayin da yake kuka, kana tsayawa cak da zarar ya yi shiru. In ka matso sai ka kafa fartanyar a bayansa ka tare ramin. Kwana shida ina yi, kullum in dawo da fartanyata da haushi.

A rana ta bakwai na dace. Ga shi ƙato, cikinsa sumul, cinyoyinsa kamar na ɗan tsako. Na jefa shi a gwangwanin madara na toshe da ganye, na sheƙo gida kamar in zuba ruwa a ƙasa in sha.

Kakata, da muke kira Iya, tana bakin murhu tana juya masara a kan garwashi, yaran gida sun kewaye ta. Iya mace ce da bakinta ba ya hutawa. Tun daga zaure za ka ji ta tana faɗa da kaji, da hayaƙi, da wanda ya bar buta a hanya.

“Iya, matsa mini wuta, yau nama zan gasa.”

“Iye, maigidana ya zama mafarauci. A ina ka samo shi?”

“Nan bayan turken awaki.”

Sai ta ajiye masarar. “Na cikin gidan nan ka kamo? To ajiye gwangwaninka. Ka ji tatsuniya tukuna, in na gama wuta taka ce.”

Na zauna na matse gwangwanin tsakanin cinyoyina, yawuna na tsinkewa. Ta ce, “Ga ta nan ta fito daga daji da ƙafarta.” Muka amsa, “Ta iso, mun share mata wuri.”

Wai a da can, kura ta addabi wani gari a bakin dajin nan namu, kullum sai ta ɗauke akuya. Aka sa zakara gadi, ya ce da ya gan ta zai ƙwala cara. Kura ta shaƙe masa wuya kafin ya buɗe baki. Aka sa kare, ta jefa masa ƙashi, ya manta da haushi. Ana cikin shawara sai wani ɗan ƙwaro da ba shi da ko suna ya ce a ba shi aikin.

“Ya ce, ni ba zan yi ihu ba,” in ji Iya, ta ƙanƙance murya har muka fashe da dariya. “Waƙa zan yi ta yi muku. In kun ji na daina, ku tashi.”

Aka yi masa dariya, amma aka bar shi ya gwada. Kura ta zo tana sanɗa, ƙasa ta motsa, ƙwaro ya yi tsit. Shirun nan ya ta da tsohuwar da ke da awakin, ta ta da gari, aka fito da sanduna. Washegari kura ta dawo da dabara, ta roƙe shi ya ci gaba da waƙa za ta ba shi rabin akuya. Ya ƙi. Ta yi barazana, ya shige rami. Iya ta ce, “Toshe bakin mai ihu ba wuya. Amma wa ya isa ya sa mai tsoro waƙa?” Da mutane suka tambayi sunansa, sai ya yi musu kukansa, suka kama kiransa da abin da kunnensu ya ji.

“Ƙurunƙus kan gyare,” ta ce, ta tura mini garwashi da tsinke. “Bisimilla, gasa. Amma yau kai za ka kwana kana gadin awakina.”

Wallahi na so naman nan. Kwana shida fa! Na dubi wuta, na dubi duhun turke inda ba ka jin komai sai tuƙar awaki, sai tsoro ya kama ni. Na tashi ina ƙunƙuni na juye gwangwanin a bakin raminsa. Ban gama cin masarata ba ya saki kuka, yara suka kama tsalle, ni na fi kowa.

“Na gona kuwa,” in ji Iya, “gobe ka kamo mini biyar. Da gishiri nake so.”

Kwanan nan 'yata ta dawo daga makaranta a nan Birnin Gwari tana ɗokin ba ni labari. Wai malaminsu ya ce Turawa ma daga kukan gyare suka samo sunan da suke kiransa, kuma suna da wani wasan ƙwallo da sanda mai suna iri ɗaya, sai dai shi asalinsa daban. Na yi dariya na ce Iya ta riga malaminku, kuma ba ta taɓa riƙe alli ba.

Abin da ban gaya wa yarinyar ba shi ne ranar da na gane tatsuniyar. Na girma, na hau babur na je gaishe da Iya kamar kullum. Na kashe babur a ƙofar gida, na tsaya a zaure ina jiran in ji ta tana faɗa da kaji. Ga kajin nan suna ta tono, ga buta yashe a hanya, ba wanda ya ce a ɗauke. Ban tsaya sallama ba, da gudu na shiga ɗakinta.