Sanƙarau da Sanarwar da Ban Manna Ba

Assalamu alaikum 'yan uwa. Wata biyar ke nan ban ce komai a nan ba. Na ga gaisuwarku, Allah ya bar zumunci. Sauƙi ya samu tun tuni, kunya ce ta riƙe ni. Akwai bawan Allah da yake ɗauke da laifin da nawa ne, shi ya sa na ce bari in yi magana.

Waɗanda suka san ni tun Salaga sun san aure ne ya kawo ni wani ƙauye kusa da Yendi. A ƙaramin asibitin ƙauyen nake rubuta kati. Mu uku ne: Baba Isaka mai duba marasa lafiya, Sista Adiza, sai ni. Wayar Baba mai maɓalli ce, Adiza kuma sabuwa ce, don haka lambata aka sa a guruf ɗin Wasap da ake turo sanarwar lafiya. Duk abin da ya zo, ni nake kwafewa a takarda in manna a bangon da ke gaban teburin Baba.

Guruf ɗin akwai surutu. Kafin ka ga sanarwa ɗaya ka wuce barkwanci da hotuna da musun siyasa. Da azumi ya kama sai na cire Wasap daga wayata gaba ɗaya, don in kame idona. Ban gaya wa kowa ba. Tun a makarantar allo aka tsoratar da mu riya, sai na ji in na faɗa kamar ina tallan ibadata ne.

Ban tuna cewa bangon nan da ni ya dogara ba.

Cikin goman tsakiya na je Bawku gaisuwar rasuwar gwaggona. Kwana uku mata cike da ɗaki, ga zafi. Na dawo da ciwon kai, na ce gajiyar hanya ce.

Washegari zazzaɓi. Baba ya soki yatsana, gwaji ya nuna maleriya. Ya ba ni magani, yana tsokanata wai ramuwar azumi ba ta taɓa rage wa Hajiya Safiya daraja ba.

Kwana biyu ina sha, kan kamar ana sara. Ko haske ba na so. A rana ta uku na tsaya sallar azahar, na kasa sunkuyar da kai. Wuya ya ƙage.

Adiza ta kira lambar motar ɗaukar marasa lafiya da ke bango, wadda na rubuta da hannuna. Ba ta shiga. A bayan keken ɗaukar doya aka kwantar da ni zuwa Yendi, Baba yana tallafe da kaina.

A can aka lanƙwashe ni, aka sa allura a ƙashin bayana aka ɗebo ruwa. Ya fito gurɓatacce. Sanƙarau.

Ina kwance ana neman jijiyar ƙarin ruwa na ji likitan, yaro ne sa'an ɗan Baba, yana cewa a hankali, “Baba, ba ku ga sanarwa ba? Tun farkon azumi aka ce mai zazzaɓi da ciwon kai mai tsanani a wannan zafin, ko gwaji ya nuna maleriya, a turo shi a ranar. Sabuwar lambar mota ma tana ciki.”

Baba ya ce, “Laifina ne, likita.”

Na ji shi sarai. Harshena yana aiki. Na rufe ido.

Sati biyu na yi a ɗaki ni kaɗai, allura safe da yamma. Katin inshora ya ɗauki wani abu, sauran kuwa yayana ne ya sayar da tumakinsa a Salaga ya biya. Na ji tsoron mutuwa, amma na fi jin tsoron in tafi da wannan shirun. Duk da haka da aka sallame ni ban faɗa ba. Kunnena na hagu ya tafi, likita ya ce da wuya ya dawo, da an zo da wuri wataƙila da an tsira da shi. Sai na fake da jinya.

A gida nake jin labari. An kira Baba ofis an yi masa faɗa. Mata suna cewa ya tsufa, ya kusa kashe Hajiya. Masu ciki da masu goyo suka fara tsallake asibitinmu suna zuwa wajen mai sayar da magani a kasuwa. Alhali Baba ne ya karɓi haihuwar rabinsu.

Sai bayan babbar salla na iya zuwa wurinsa. Na durƙusa na faɗa masa komai. Ya ce, “'Yata, na ga bangon bai sauya ba, ban tambaya ba. Ki ɗauki naki, ki bar mini nawa.”

Na je ofis na faɗa musu. Yau na faɗa muku.

Na gode wa Allah da ya ara mini kwana. Na gode wa Adiza da ta bar yaranta ta yi jinyata, da yayana, da likitan da bai ɗaga wa dattijo murya ba.

'Yan uwana ma'aikatan lafiya, kada sanarwa ta rataya a wayar mutum ɗaya. Yanzu mu uku duk muna cikin guruf ɗin, mun sa Baba ya sauya waya. Lambar da ke bangonku ku kira ta tun ba a shiga uku ba, ku ji ko tana shiga. Wanda zai ajiye waya don ibada ya miƙa amanar da ke cikinta tukuna. Sauran jama'a kuma, zazzaɓi da ciwon kai mai tsanani lokacin zafi, kada a jira wuya ya ƙage.

Matan ƙauyenmu da yawa ba sa karatu. Don Allah wanda ya iya ya karanta musu. Ku gaya musu Baba Isaka yana kan teburinsa tun safe, su kawo yaransu.