Ranar da Na Sa Dattawa Wanke Yatsa

Na sha wahala ranar rajistar nan, ba kaɗan ba. Na yi noma da ciwon baya, na yi dakon buhu a kasuwar Batsari, amma babu wanda ya gajiyar da ni kamar zaman rabin yini a gaban kwamfuta.

Ni ne shugaban ƙungiyar manomanmu. Ba don ilimi aka ba ni ba, a aji huɗu na bar firamare. Baki gare ni, kuma ina da babur. A shekarar wasu masu tallafa wa manoma suka ce za su ba da taki, amma sai wanda aka ɗauki hoton yatsansa a kwamfuta, kuma ranar Juma'a za a rufe. Wanda bai shiga ba sai baɗi.

Aka tara mu shugabanni a Safana, a shagon wani mai kwamfuta, ya koya mana kwana biyu. Aikin ba wuya. Ka rubuta suna, ka ɗauki hoto, mutum ya ɗora babban yatsa a kan wata 'yar na'ura mai gilashi, zanen yatsan ya fito. Ya ce yatsan manomi kan yi gardama saboda kanta, in ya ƙi sai a wanke, ko a goga a goshi ya samu ɗan maiƙo. Wannan na riƙe da kyau. Na'urar yatsa suka ba mu, kwamfuta kuwa kowace ƙungiya ta nemi tata. Mai shagon ya rubuta mani irin wadda zan saya a takarda, ya ce, "Shugaba, ka nuna masu wannan kawai."

Na je Katsina da takardar a aljihu, ban fito da ita ba. Mai sayarwar yana ta kirana Alhaji, ni kuma ban so ya gane sai an rubuto mani. Ya ɗauko wata siririya, ba nauyi, ya ce cajinta kamar na waya, sai ta yini ta kwana, ba ta zafi, ba ta ƙara. Mu da wuta sai an ga dama. Na ce ita nake so. Bai yi mani ƙarya ba, ni ne ban gaya mashi aikin da za ta yi ba.

Ranar Laraba na kafa tebur a gindin dalbejiyar ƙofar gidana. Mutane sun zo daga Wagini da Yasore, wasu uku uku a babur, wasu a jaki. Kowa ya san hanyar nan, ba a son la'asar ta yi wa mutum a cikinta.

Na farko a layi dattijo ne daga Yasore, aminin marigayi mahaifina, Allah ya jiƙansa. Baba muke ce mashi. Shi ya fara gyara mani riƙon garma. Na durƙusa na gaishe shi, muka yi ta gida da ta hanya, sannan na koma kujera na zama ma'aikaci. Suna ya shiga. Hoto ya fito tsaf. Na ce, "Baba, a ɗora yatsa." Na'urar ta kawo haske, amma allon bai nuna komai ba, sai wani layin Turanci da ban san me yake cewa ba.

"Baba, a danna sosai."

Ya danna.

"Kanta ce. A goga a goshi."

Ya tura hularsa baya ya goga. Shiru. Na sa aka kawo buta da sabulu. Dattijon nan ya tsuguna gaban jama'a yana wanke hannu, kamar wanda aka kama da ƙazanta. Ɗan gwaggona, abokin wasana, yana can jingine da babur, ya ce, "Kai, Shugaba, kwamfutar taka 'yar birni ce halan, ƙyamar ƙauye take?" Aka yi dariya. Ni kuwa na ɗaure fuska na ce, "Kwamfuta ba ta ƙarya. Shekara da shekaru mutum yana riƙe da fartanya, yatsa ya shafe, sai a ce laifin na'ura?"

Baba ya dubi yatsansa. Ya ce, "To. Da shi dai muka nome gonar babanka shekarar da ya kwanta." Ya koma gefe ya zauna.

Na biyu bai hau ba. Na goma bai hau ba. Aka kawo man gyaɗa, aka kawo basilin. Wata gwauruwa daga Yasore da ta baro awakinta a hannun maƙwabta ta goge yatsa da dutse har ya yi ja. Ni ina ta faɗa: wannan bai wanke ba, wancan yana rawa da hannu.

Ga abin da ya fi ci mani rai. Da aka tafi azahar, na tsaya na ce zan gyara tebur. Na duba babu mai kallo, na ɗora nawa yatsan. Yatsan da ya hau sau uku a Safana ba gardama. Bai fito ba. A nan na san ba hannun kowa ba ne. Na yi alwala, na bi sallah, na dawo na zauna, na ce wa na gaba, "Je ka wanke." Na ƙara mutum shida a haka. Ba zan iya buɗe baki in ce da dukiyar ƙungiya na sayo abin da ba ya aiki ba.

Ƙarfe uku suka fara watsewa saboda hanya. Ba mutum ɗaya da ya shiga. Baba ya zo ya yi mani sallama, ya ce, "In nawa ya ƙi, ka sa na 'ya'yana, su nasu bai tsufa ba." Ban iya kallonsa ba.

Na sa kwamfutar a jaka na nufi Safana. Mai shagon ya buɗe ta, ya danna nan da can, ya ɗago. "Shugaba, ina takardar da na ba ka?" Na fito da ita, tana nan a ninke yadda ya ba ni. Ya duba ta ya ajiye gefe, kuma da ya zage ni da ya fi mani sauƙi.

Ya ce kwamfutar lafiyarta lau, sai dai ƙwaƙwalwar cikinta irin ta waya ce, shi ya sa take riƙe caji. Rubutu, hoto, shiga intanet, duk za ta yi. Amma na'urar yatsa tana da wata 'yar manhaja da ke haɗa ta da kwamfuta, kuma masu ita don irin tsofaffin kwamfutocin nan kawai suka yi ta. A wannan ba ta shiga. Na ce ai ta kawo haske. Ya ce wuta kawai ta sha. Layin Turancin nan, cewa yake ba a ga na'urar ba. Tun safe take gaya mani.

Na ce ba dabara? Ya ce shi dai bai san ta ba, kuma ko firintarsa ta buga takardu ba ta yarda da irin wannan.

Sai ya jawo tsohuwar da muka koya da ita, mai nauyi kamar bulo, an ɗaure murfinta da salatif. Batirinta ba ya kai awa ɗaya, ya haɗa mani da wani akwatin caji. Ya ce in dawo da ita ranar Asabar. Ya ƙara da cewa, "Su dawo gobe, ka gama."

Na ce ba za su dawo ba. Ni ma ba zan aika in ce su sake hawa hanyar nan ba.

Washegari ina idar da asuba na ɗaure tsohuwar kwamfutar a bayan babur da roba, na jira gari ya waye sosai, na kama hanyar Yasore. Na tarar da Baba a ƙofar gida yana ba tumaki harawa, maƙwabta biyu na zaune a tabarma. Na cire takalmi na durƙusa. Bayan gaisuwa na ce, "Baba, yatsanka ba abin da ya same shi. Ni na sayo kwamfutar da ba ita ba, kuma tun azahar na sani na yi shiru. A yafe mani." Na faɗa da ƙarfi don na tabarma su ji.

Ya ce, "In wanko hannun?"

Na ce a'a.

Ya goge ƙurar harawa a rigarsa ya ɗora yatsan a kan na'urar. Zanen ya fito, layi layi, da tabon yankan lauje a tsakiya. Ya leƙa ya gani, ya ce wa ɗaya daga cikin maƙwabtan, "Je ka kira gwauruwar nan, ita ce ta biyu."

Na gyara zama a ƙasa na jira ta.