Likitan da ya karɓi yayin Yaya Adiza

Shekara bakwai ke nan da muka kai yayata Hajiya Adiza makwancinta, kuma har yau idan na ji ƙamshin albasa tana soyuwa a babbar tukunya ranar Lahadi da hantsi, sai in waiga ina neman ta. Mutanen unguwannin Nima da Mamobi ba sa buƙatar a gabatar musu da ita. Ga wanda bai san ta ba, ita ce mai girkin biki wadda idan ba ita ta ɗora tukunya a aurenka ko sunan ɗanka ba, za a ci abinci dai, amma ba wanda zai yi zancensa washegari. Ni ƙaninta ne, mai ba da hayar rumfuna da kujerun roba kusa da mahaɗar Kawukudi. Da 'yan kujerun da nake ɗauka a ka na fara. Shekaru da yawa, duk inda aka tare titi don biki, rumfa tawa ce, tukunya tata.

Rubutu a jarida ba sana'ata ba ce. Abin da ya sa na yi bana shi ne wani taro da aka gayyace ni kwanan baya a babban asibitin koyarwa, inda aka karrama matasan likitoci saboda binciken da suka yi. Ina zaune ina kallo, zuciyata tana wurin Yaya, domin ita ce ta farko da na ga ta karrama irin wannan aiki, kuma a tsakiyar titi ta yi.

Likita idan ya fara aiki, kuma yana son ya ƙware a fanni guda, sai ya koma ƙarƙashin manyansa na wasu shekaru. Yana duba marasa lafiya kamar kullum, sannan dole ya ɗauki wata tambaya ya bi ta har ƙarshe, ya rubuta abin da ya gano, ya tsaya gaban malamansa ya kare shi. In bai yi ba, ba a ba shi matsayin. Ban san da wannan ba sai ranar da wani siririn saurayi mai tabarau ya shigo shagona ya ce sunansa Dokta Ato. Ɗan ƙabilar Fante ne, Hausarsa ba ta wuce sannu ba. Tambayarsa ita ce me ya sa matan zango, wato unguwanninmu na Hausawa, da aka ɗora kan maganin hawan jini suke barinsa, sai an kawo su asibiti ɓarin jiki ya shanye. A asibiti idan ya tambaya, kowacce ta ce tana sha. Ya bi gida-gida a unguwar Kotobabi, aka ba shi ruwan sanyi, aka sa masa albarka, ba a faɗa masa komai ba. Lokacin da aka ɗibar masa kuwa yana ta tafiya. Wani ya ce masa ya nemi mai rumfuna, shi ya san inda mata ke taruwa. Na ce masa na san inda suke zama, amma wadda ta san abin da suke faɗa yayata ce.

Mun same ta a bayan gida a Mamobi tana tsince shinkafa. Sai da ta cika masa ciki da tuwon shinkafa kafin ta bar shi ya yi magana. Da ya gama, ta bayyana masa dalilin da ya sa ƙofofi suka rufe. Ta ce masu takarda sun sha zuwa unguwar nan, su yi tambaya, su rubuta, su tafi, ba a ƙara jin ɗuriyarsu, har mata suka gaji da zama rijiyar kowa. Sannan ta ajiye faifan ta dube shi.

"Ɗana, zan sa matan nan su yi maka magana. Amma abin da ka samo, nan za ka dawo ka faɗa, ƙarƙashin rumfar ƙanina, da harshen da muke ji."

Ya amince nan take. Ni kuwa a kasuwa na girma, kuma mai saurin cewa to ba ya kwantar mini da hankali.

Haka ya shiga bin mu biki-biki. Ya ce ba a auna jinin wadda ta fito daga rawa, sai ta zauna ta huta a inda ba hayaniya, don haka na riƙa kafa masa ƙaramar rumfa a can baya, nesa da lasifika. Kowacce ta zo sai ya fara gaya mata cewa tana da damar ƙi. Wannan ya dami Yaya ƙwarai, ta ce ba ta taɓa ganin mai neman ciniki yana nuna wa mai saye hanyar gudu ba, amma ya ƙi bari, ta kuma girmama shi a kan haka. Ita ta fara miƙa hannu don sauran su gani. Da ya auna ta, na lura fuskarsa ta canza, ashe jininta ya hau. Ya sake aunawa a wani bikin, sannan ya tura ta asibiti. Daga nan ta kama magani ba ta sake shi ba, ta rage gishiri a kwanonta. Gishirin tukunyar biki kam sai da suka yi ciniki kamar a kasuwar Nima, yana ragewa tana ƙarawa, suka daidaita a wani wuri da kowannensu ya ce shi aka cuta.

Duk da haka mata ba su saki baki ba. Jagorar masu shakka ita ce Hajiya Memuna, ƙawar Yaya tun suna 'yan mata, kuma abokiyar gasarta a girkin biki. A wani suna ta ce a gaban kowa wannan ma zai tafi kamar sauran, sai dai shi ya fi su cin tuwo. Aka yi dariya. Yaya ta jira dariyar ta lafa, sannan ta ce bikin autarta Fati yana bayan babbar salla ta baɗi, kuma idan likitan nan bai tsaya a wurin ya faɗi abin da ya gano ba, kada kowa ya ƙara kiran ta girki, a ba Memuna. A unguwarmu ba a mayar da irin wannan magana wasa, ko da cikin dariya aka faɗe ta.

Daga ranar ƙaramar rumfa ba ta ƙara zama ba kowa ba. Abin da suka ɓoye wa asibiti ya fito. Mai sayar da albasa ta ce ƙwayar da aka ba ta tana sa ta yawan fitsari, ga ta a kasuwa tun safe, banɗaki da nisa, ba kuma wanda za ta bar wa kaya. Wata ta ce da ciwon kai ya tafi sai ta ɗauka ta warke. Wasu suna ajiyewa idan azumi ya kama. Wata kuma tana raba nata da maƙwabciya, don a ganinta rowa ce ta sha ita kaɗai.

Da ya gama tattara abin da yake nema, Yaya ta miƙa masa yadi shida na yayin bikin Fati, wato atamfa iri ɗaya da dangi da na jiki suke ɗinkawa su saka ranar biki, abin da 'yan'uwanmu na Kano suke ce wa anko. Bayan ya tafi na gaya mata gaskiya, cewa ta ɗora sana'ar rayuwarta a kan baƙo ba tare da ta riƙe jingina ba. Ta ce jinginar ce ya fita da ita a hammata, domin duk wanda ya karɓi yayi ya san akwai ranar da ake jiran sa.

Sai shiru. Aka tura shi wani asibitin gunduma mai nisa, wayarsa in ta shiga yau ba ta shiga gobe, daga baya ma ta daina. Azumi ya zo ya wuce. Memuna duk inda suka haɗu sai ta tambayi lafiyar ɗanta likita, wata rana har ta zo gida tana ƙwanƙwasa manyan tukwanen Yaya, wai tana duba gadonta. Wasa ne, amma ni ina ganin abin da ba wasa ba, don wasu gidaje sun fara kama rumfa a wurina ba su ce uffan game da mai girki ba. Na ce wa Yaya zan rufe shago in je in nemo shi. Ta hana ni. Ta ce wanda aka janyo da igiya ba a ce ya dawo.

Ranar bikin na fito da duk rumfar da na mallaka, muka tare titi. Yaya ta ce in kafa ƙaramar ma a baya, na kafa. Azahar ta wuce, aka fara rabon abinci, tana zubawa ba ta ko kallon bakin titi. Abin da ya fi tsorata ni shi ne Memuna ta daina zolaya, ta ɗauki ludayi tana taya ta a nitse. Bayan la'asar sai ga tasi ta tsaya a bakin igiyar da muka tare hanya. Ya fito sanye da rigar yayin, telan ya yi mata hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo, bayansa kuma mahaifiyarsa da ɗankwalin ragowar yadin. Yaya ta goge hannu a zane, ta juya wurin ƙawarta.

"Hajiya Memuna, zuba wa ɗana abinci. Ki zuba da yawa, tukunyar tawa ce har yanzu."

Da ya ci, ya karɓi makirufo daga hannun Ɗanlami sanƙira. Hausar da ya koya a bakin marasa lafiya ya yi, inda ta ƙare ya cike da harshen Twi. Ya ce ya tsaya gaban malamansa ya yi nasara, kuma sun ware aikinsa cikin waɗanda suka yaba. Sannan ya mayar wa mata da maganarsu a gyare: hawan jini ba ya tafiya don ciwon kai ya tafi, wadda ƙwaya ta hana zaman kasuwa ta gaya wa likita don akwai wasu iri, a zo a tsara shan magani kafin azumi ya kama, kuma kyauta ba ta shiga tsakanin mutum da ƙwayarsa. Ya ce ya roƙi 'yan'uwansa likitoci su riƙa tambayar mace inda take wuni kafin su rubuta mata magani. Ɗanlami ya ƙwace makirufo ya mayar da abin kirari, yana kiran sa mai auna jinin uwaye, ɗan Fante surukin zango. Memuna ce ta fara zare mayafin da ke kafaɗarta ta yafa masa, sauran suka biyo, har sai da tabarau kawai ake gani. Fati har gobe tana cewa likita ya ƙwace mata biki.

Wannan hoton nake gani a zauren asibiti kwanan baya. Dokta Ato yanzu babba ne, da furfura, yana cikin alƙalan da suka zaɓi waɗanda za a karrama, kuma rigar yayin nan ya saka, maɓallan ciki suna neman agaji. Matasa suka riƙa fitowa suna bayani da hotuna a bango. Rabi ban gane ba, amma na gane gajiyar da ke idanunsu, na kuma san an daɗe ana irin wannan aiki ba mai cewa sannu.

Na tambayi kaina me Yaya za ta ce. Na tabbata za ta ji daɗi, don ta yi imani cewa matashin da aka yaba wa a gaban jama'a ba ya saurin barin sana'a, ni ma haka na gani a tawa. Abincin da aka raba a 'yan kwalaye zai ɓata mata rai, kamar yadda kujerun suka ɓata mini, don ba nawa ba ne kuma suna rawa. Allon gilashin da aka ba waɗanda suka yi zarra za ta juya shi ta tambaya ko ana ɗaura shi. Daga nan za ta duba zauren ta tambayi inda mutanen da aka yi wa tambayoyin suke. Ni ma na duba, ban gan su ba.

Sai dai Dokta Ato bai bar ni da wannan tunanin ba. A jawabin rufewa ya gaya wa matasan cewa wanda ya yi bincikensa a unguwanninmu bai gama ba sai ya je Mamobi ya faɗa. Tun rasuwar Yaya haka yake turo su kowace shekara. Ni ke kafa rumfar, kuma ita kaɗai ce a duk shekara ba na karɓar komai a kanta. Memuna ke girki, ita ke zaɓar atamfa, tana kuma gaya wa kowane sabon likita cewa ita tun farko ta san Ato zai dawo.

Idan na auna abin da Yaya ta bari, tukwane sun koma hannun Fati, girkin yana da daɗi amma ba shi ba ne, kuma yaran da ke tasowa a Nima ba su san muryarta ba. Abin da bai tsufa ba shi ne sharaɗin da ta kafa tana tsince shinkafa, wanda yanzu likitocin da ba su taɓa ganin ta ba suke cikawa. Allah ya jiƙan ta, ya sa aljanna ce makomarta.

Wadda ta zo ta ɗaya bana wata matashiyar likita ce, Dokta Abiba. Memuna ta tare ta a bakin zaure, yarinyar na riƙe da allon gilashi a hannu ɗaya, ta ɗora mata yadi shida a ɗayan. Yarinyar ta dubi atamfar, ta dube ni, ta tambaya yaushe ne ranar. Na ce Lahadin ƙarshen wata bayan la'asar, kuma kada ta ci komai kafin ta taho.