Girar Saratu

Ranar da ba ta taɓa fita raina ba a wannan sana'a ita ce ranar da na je Bukkuyum yi wa Saratu gira. Shekara huɗu ke nan, 'yan kwanaki bayan Babbar Salla. Lokacin shekarata shida da buɗe shago a nan Gummi, bayan na koyo kwalliya a Sakkwato, kuma gaskiya ina ji da kaina. Amare daga Bukkuyum har Anka ni suke nema, ba don hoda ko jambaki ba, sai don gira. Ku da kuka zo koyo kuna ganin Anti Murja ta cika faɗa a kan gira, to ku ajiye wayoyin nan ku ji inda faɗan ya samo asali.

Ga wanda bai san aikin ba, wuri uku ake aunawa da jagira, wato fensirin da muke zana gira da shi. A miƙe shi daga gefen hanci zuwa sama, nan ne kan gira. A karkata shi ya bi ta ƙwayar ido, nan za ta lanƙwasa. A ƙara karkatawa ya bi ta ƙarshen ido, nan wutsiya za ta tsaya. Sai a ja layi sama da ƙasa, a cike tsakani, a taje da ɗan buroshi, a share gefe da konsila, wato man rufe tabo, ta fito fes. Ni ba na sa reza, don mata da yawa a nan ba su yarda a cire musu ko gashi ɗaya ba saboda addini. Abin da ya fita layi sai in rufe shi. Duk wadda ta zauna a kujerata gira iri ɗaya take tashi da ita, ni kuma a lokacin gwaninta nake ɗaukar hakan.

Wata Litinin da hantsi wata dattijuwa ta yi sallama, ta ce sunanta Hajiya Kulu, daga Bukkuyum take. Ta ƙi hawa kujerar kwalliya, sai da na shimfiɗa mata tabarma. Bayan mun gaisa ta ce, "Ɗiyata, an ce ke ce mai gira."

Na ce, "Ni ce, Hajiya. Ke za a yi wa?"

Ta ce, "Ke tahi can! Ni da haƙora ma sunka gudu? Matar ɗana ce."

Sai ta ba ni labari. Matar ɗan nata, Saratu, tana ƙara kananzir a risho bai gama mutuwa ba, wuta ta tashi ta lashe mata fuska. Wata uku ta yi a asibiti a Sakkwato. Allah ya tsare idanu, fata ta warke sai tabo a goshi, amma gira duka biyu sun tafi, kuma likita ya ce da wuya su sake tsirowa. Tana da 'ya ɗaya, Jamila, mai shekara uku da rabi. Sati biyar da dawowarta gida, yarinyar ba ta yarda ta matso kusa da ita ba. Da ta hango ta sai ta ƙwalla ihu ta ruga bayan kakarta, tana cewa Innarta na Sakkwato, wannan ba ita ba ce.

Jamila 'yar fari ce, kun kuwa san al'ada. Uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta nuna ɗoki a kansa gaban mutane, balle gaban uwar miji. Don haka Saratu ba ta taɓa buɗe baki ta ce abin yana cin ranta ba. Hajiya ta ce, "Ba ta magana, amma ni ma na haihu. Tuwo loma biyu ta ture, kullum ramewa take. Ki zo ki mayar mata da girarta, ko Allah zai sa ɗiyar ta gane uwarta."

Na bugi ƙirji na ce ta ɗauka an gama. Wallahi ko tunani na biyu ban yi ba.

Ranar Laraba na ɗauki akwatina na shiga ƙaramar bas, daga tasha ɗan kabu-kabu ya kai ni ƙofar gidan wajen ƙarfe goma. Na tarar da Saratu a ɗakinta, siririya, ta ja mayafi har kan ido. Da ta yaye, ban ga abin tsoro ba. Fuska ce mai kyau, amma da babu gira sai ka kasa gane ko murna take ko fushi. Ta gaishe ni a hankali, ta ce, "Anti, Hajiya ce ta matsa. Ni ba na jin akwai abin da za a iya."

Fatar ƙuna santsi gare ta, jagira ba ya kama ta, sai an fara danna hoda a wurin. Na yi hakan, na auna wurare ukun nan, na zana mata girar da nake yi wa amare: ta tashi sama, ta lanƙwasa, wutsiya siririya kamar allura. Hannuna ya ƙi tsayawa a nan. Na rufe tabon goshin da fandeshan, man nan da ake shafawa kafin hoda, na sa kwalli, na sa jambaki. Na ja baya na duba aikina, har ina cewa a raina ina ma a bar ni in ɗauki hoto.

Saratu ta duba madubi ta ce, "Ta yi kyau." Hajiya kuwa ta fita ta riƙo hannun Jamila.

Yarinyar tana leƙowa ta yi wani ihu da har yau ina jin sa. Ta fizge hannunta ta ruga zaure, takalminta ɗaya ya faɗi a bakin ƙofa. Saratu ta kifa madubin a kan gado, ta ce, "Ba komai, Anti, kin yi ƙoƙari. A kawo miki fura?" Da zagina ta yi da ya fi min sauƙi. Kunya ta kama ni har na rasa inda zan sa idona.

Hajiya ta dawo ta zauna, ta ce, "Ɗiyata, kar ki ji haushi. Wagga gira ta matan cikin waya ce. Saratu ba haka take ba."

Sai a lokacin na yi tambayar da ya kamata in fara da ita: ko akwai hotonta na da? Hajiya ta ciro hoton biki daga bango. Na duba, sai ga irin girar da na gama zanawa yanzu, sak. Saratu ta ce, "Ai ke kinka yi min ita ranar, Anti." Subhanallahi! Shekara biyar baya ta zauna a kujerata, na rufe girarta ta gaskiya da konsila, ko kallon yadda take ban yi ba. Ban ma tuna fuskar ba. Aka ɗauko katin zaɓe, shi kuma hoton ƙarami ne, ya dushe, ba a ganin komai.

Can Hajiya ta ce, "To ki je ki duba ta ɗiyar. Girar uwar ta ɗauko, kamar an ciro an manna mata." Saratu ta sunkuyar da kai. Ita ta fi kowa sanin haka, amma ba za ta iya faɗa ba.

Na samu Jamila a zaure ta takure a lungu tana sheshsheka. Na zauna nesa kaɗan, na miƙa mata wani gwangwanin hoda da ya ƙare, mai madubi a murfi. Tana wasa da shi, ni kuma ina kallonta. Gira ce mai kauri, a miƙe take, babu wani lanƙwasa. Wutsiyar gajera. Kawunan biyu sun matso juna saura kaɗan su haɗe, kuma a kan ta hagu gashin tsaye yake, bai kwanta ba. Duk abubuwan da nake kira aibi ina rufewa, su ne a fuskar yarinyar nan, kuma kyau suka yi mata.

Na koma ɗaki na goge komai da auduga, har jambakin. Na roƙi Saratu ta cire leshin da aka sa ta ta saka, ta mayar da zanenta na zaman gida da ɗankwalin da ta saba ɗaurawa. Tabon goshi na bar shi a fili. Na danna hoda a gurbin gira kawai, na fiƙe jagira ya yi tsini, na fara zana gashi ɗaya bayan ɗaya, babu layi, babu awo. Na fara da ruwan ƙasa, na bi da baƙi jefi-jefi. Sau biyu ina fita zaure in sake kallon yarinyar in dawo. Hannuna sai ƙaiƙayi yake in ɗaga tsakiyar nan, ina danne shi. Fiye da awa guda na yi a kan abin da na saba gamawa cikin minti goma.

Da na ɗago, Hajiya ta matso ta ƙura ido. Ta ce, "Awo, ita ce. Ga ta nan."

Wannan karon muka ce kada a kira yarinyar. Saratu ta fito tsakar gida ta zauna a bakin madafi inda ta saba zama, ta ɗauki faifai tana tsince shinkafa. Ni da Hajiya muna gefe muna hirar ruwan bana kamar ba abin da muke jira. Jamila ta leƙo daga zaure, ta koma. Ta sake leƙowa, ta zo ta tsaya wajen randa. Can ta tako a hankali har gaban faifan, ta daɗe tana kallo, sannan ta sa ɗan yatsa ta taɓa girar hagu.

Ta ce, "Inna, kin dawo?"

Saratu ba ta ɗago ba. Ta ce, "Ke, matsa, za ki zubar min da shinkafa." Amma ni ina ganin hannunta na hagu ya sauka ƙasa ya riƙe ƙafar yarinyar gam. Nan take Hajiya ta miƙe ta ce in zo in ga awakinta a bayan gida. Muka je muka tsaya a kan awaki uku, tana share ido da bakin hijabi, tana zagin wata akuya wai ta cika ci.

Muna dawowa aka kira azahar. Saratu ta kalle ni, murya ƙasa-ƙasa, ta ce, "Anti, alwala fa?" Kun ji abin da ban yi tunani ba. Amarya takan lallaɓa kwalliyarta ta yini ɗaya, amma wannan mata sau biyar za ta wanke fuska kullum. Na ce ta je ta yi, ina nan, in ta goge mu sake. Ta ɗauki buta, Jamila na riƙe da gefen zanenta. Ta wanke fuska sau uku, girar ta dame, rabi ya tafi. Na tsaya ina jiran ihu. Yarinyar ta leƙa fuskar, ta ce, "Inna, ta goge." Sai ta tsuguna ta kama butar da hannu biyu, wai ita za ta zuba mata ruwan ƙafa.

Ban ce gira kaɗai ta yi wannan aikin ba, Allah ne ya kawo lokacin. Na dai zauna har la'asar ina koya wa Saratu riƙon jagira, ta zana ta goge, ta zana ta goge, har hannunta ya saba. Na bar mata guda biyu da abin fiƙewa, na ce in ta manta yadda take, ta san inda za ta duba.

Abin da na koya ke nan, shi ya sa nake muku faɗa in na ga kun ɗauki jagira kafin ku kalli mutum. Awon nan ku iya shi, ba laifi, amma duk matar da ta zauna a kujerarku akwai waɗanda suka san fuskarta a gida, kuma ita suke jira ta koma musu. Mutanenmu kuma ba kowa ke faɗin abin da ya kawo shi ba, sai kun yi tambaya, kun kuma yi haƙuri da shirunsu.

Da zan tafi, Saratu ta rako ni zaure, Jamila na goye a bayanta duk da girmanta, ƙafafu suna reto, ta yi barci. Na ce, "Wannan ai ta wuce goyo, za ta karya miki baya." Ta waiga ta ga Hajiya ba ta kusa, sannan ta gyara majanyin.

Ta ce, "Bar ta, Anti. Wata huɗu ban ji nauyinta ba."