Alwala da Hannun Aro

Da sunan Allah, wanda Ya suturta tsoka da fata, Ya kuma san abin da ke ƙarƙashinta.

Na shekara goma sha ɗaya ina limancin wani ƙaramin masallaci a Zangon Kumasi kafin hannuwana su zama abin zance. A shekarun nan da gari ya cika da maganar mulkin kai, wani Alhaji mai fataucin goro, wanda shi ne babba a cikin jama'armu, ya sayo siminti domin a daɓe ƙasan masallacin. Kwaɗayin lada ya sa na naɗe hannun riga, na yi kwana uku ina kwaɓa shi tare da magina, ba tare da na rufe hannuna da komai ba.

Bayan mako guda ƙaiƙayi ya fara a tsakanin yatsuna. Sai ƙuraje ƙanana suka fito, suka fashe, suka riƙa tsattsafo ruwa. A nan na yi kuskuren da ilimina ne ya jawo mini shi. Na ce wa kaina, liman ba ya tsayuwa gaban mutane da shakkar tsarki a jikinsa. Saboda haka duk sanda na ga danshi a tafina, sai in ɗauki buta da sabulun salo in dirje. Alwala biyar ta koma goma sha biyar. Ina wankewa fata na tsagewa, tana tsagewa ina ƙara wankewa. Uwargidana ta shafa mini man kaɗe, ta jiƙa saiwoyi, ni kuma na bi bayanta na wanke duk abin da ta shafa.

Kafin wata biyu, bayan hannuwana ya yi fari-fari kamar bangon da farar ƙasa ta fara ɓarewa. Na lura masu gaisawa da ni bayan sallama sun koma ɗora hannu a ƙirji daga nesa. Ba wanda ya furta kalmar a gabana, amma ta iso ni ta bakin mata: kuturta.

Uwargida ce ta samo labarin likitan. Wata Ba'asantiya da ke sayar mata da ganyen ƙunsa goro ta gaya mata cewa a babban asibiti akwai wani ɗan ƙasa da ya karanto ciwon fata a ƙasar waje, yana zama rana ɗaya a mako. Na ce ba ni zuwa. Ta ce, "Malam, kai ka karantar da mu cewa neman magani ba ya warware tawakkali. Ko darasin na mata ne kaɗai?" Na tashi na sa takalmi.

Sau biyu ina zuwa ina komowa, domin ban dace da ranarsa ba. A karo na uku na same shi, saurayi ne siriri mai tabarau. Ya kama hannuwana da nasa, ba ƙyama, abin da ba wanda ya yi tun makonni sai matata. Ya sa na rufe ido, ya riƙa taɓa fatar da ɗan zaren auduga, yana tambayata da Twi, harshen Asantawa, ko na ji. Ko'ina na ji.

"Kramo," ya ce, haka Asantawa ke kiran malamai, "kuturu ba ya jin wannan. Ba kuturta ba ce. Siminti ya fara, kai ka ƙarasa. Sau nawa kake wanke hannu a yini?"

Da na faɗa masa, sai ya cire tabarau ya dube ni. "Kana so ka wanke fatar ne, ko ka feɗe ta?"

Ya ba ni wani baƙin man shafawa mai warin kwalta, ya naɗe hannuwan da bandeji har wuyan hannu, ya ce kada ruwa ya taɓa su tsawon mako shida. Ya yi zaton zan yi gardama. Ban yi ba, domin a take na tuna babin da na shekara ashirin ina karantarwa ban taɓa aiki da shi ba: wanda ruwa ke cutar da rauninsa, ya wanke gaɓoɓi masu lafiya, a shafa a kan abin da aka ɗaure, wanda kuma ya kasa da kansa, ya nemi mai yi masa.

Ranar da na isa masallaci da hannuwa a naɗe, lokacin Azahar ne, ruwan sama na zuba a kan kwano. Alhaji mai goro ya tare ni a bakin ƙofa, mutane na bayansa.

"Allah gafarta Malam, mun yi shawara. Ka huta a gida tukuna, ladan ya riƙa ja mana."

Na ce, "Alhaji, wace hujja ce ta sauke ni?"

"Hujja? Ga ta nan a hannunka! Gari ruwa kamar da bakin ƙwarya, liman kuwa ba ya taɓa ruwa. Kuma ba mu san abin da ke cikin tsumman nan ba."

"Abin da ke ciki na sani, likita ya sani, Allah Ya fi mu sani. Idan sallata ɓatacciya ce, a kawo littafi a buɗe mini shafin, in koma sahun ƙarshe da ƙafata. Idan kuwa tsoro ne, a kira shi da sunansa, kada a sa masa rawanin fiƙihu."

Wani daga baya ya ce, "To wa ya ga alwalarsa?"

Uwargida ta riga ta yi mini ita a gida, kuma da na faɗi haka da ya isa a shari'a. Amma na ga abin da aka yi a ɓoye ba zai kashe zancen da ake yi a fili ba. Na zauna a kan dutsen alwala, na miƙe ƙafafuna, na ce, "Yanzu za ku gani. Shari'a ta ce in nemi mataimaki. Alhaji, kai ka fi kusa, ga buta."

Ya ja da baya har ya taka ƙafar na bayansa. "Malam, kada ka mai da ni abin dariya."

"Ni ka mayar, ban yi kuka ba."

Daga nan ladan ya ratso mutane. Dattijo ne daga ƙasar Moshi can arewa, ɗan dako a kasuwa, kuma shi ne wanda aka yi wa alkawarin matsayina. Ya tsuguna ya ɗauki butar.

"Malam, kawo fuska," ya ce. "Ni kiran salla na sani, ja ban sani ba. Su bar ni da kirana."

Na ƙulla niyya. Ya wanke mini fuska da tafinsa mai kaushi kamar bayan buhu, ya wanke damatsana daga inda bandeji ya ƙare zuwa gwiwar hannu, ya jiƙa hannu ya shafa a kan bandejin, ya shafi kaina da kunnuwana, ya wanke ƙafafuna har tsakanin yatsu. Ban taɓa jin nauyin alwala kamar ranar ba.

Na tashi na shige gaba, ban waiwaya ba, na yi kabbara. Sai da na yi sallama na ga waɗanda suka bi ni: mutum huɗu, har da ladan. Sauran sun bi Alhaji zuwa wani masallaci cikin ruwan.

Mako shida na yi haka. Kowace salla a bakin ƙofa ake yi mini alwala, a idon mai wucewa, ban fasa ko ɗaya ba. Huɗu suka zama bakwai, bakwai suka cika sahu. Ban aika wa kowa ban-haƙuri ba, domin ban san laifin da zan nemi gafararsa ba.

Alhaji ya dawo wata La'asar, kwana biyu kafin a kwance bandejin. Ya tsaya a gefen sahu. Bayan sallama ya matso, ya ɗora hannu a ƙirji zai gaishe ni daga nesa. Na miƙa masa hannuna yadda yake, a naɗe, yana warin kwalta, na bar shi a miƙe. Jama'a na kallo. Ya daɗe yana duban tsumman, sa'an nan ya kama.