Hancin Goggo Lauratu

Goggo Lauratu, yayar mahaifina, tuwo take sayarwa a bakin kasuwar Azare, kuma karatunta bai wuce surorin da take salla da su ba. Amma in ana maganar waɗanda suka sa mahaifina ya zama Malam Talha, ni ita nake fara ambata, malamansa su biyo baya. Wanda bai ji daɗi ba ya yi haƙuri.

Hanci Allah ya ba ta. A ruga ta tashi wajen Bulkachuwa, cikin nono da man shanu, sannan ta auri mahauci a Azare, ta shekara goma sha biyu tana narka kitse da dafa ƙashi kafin ya rasu. Don haka duk abin da ya fito daga jikin dabba ta san warinsa ɗanye, ta san shi dafaffe, ta san shi in ya kwana. Masu kawo mata man gyaɗa sun daina gwada yi mata algus tun da daɗewa. Za ta ɗiga man a ruwan randa mai sanyi, ta tsaya tana kallo, in ya yi fari-fari ya daskare sai ta miƙa wa mai shi kayansa, ta tambaye shi lafiyar iyali.

Shekara biyu bayan sojoji sun dawo daga yaƙin Bama, mahaifina yana neman izinin karantarwa a wurin malaminsa, Malam Bubayero na Katagum. Malam ya ce sai ya shiga halwa, wato ya kulle kansa a ɗaki shi kaɗai kwana arba'in yana ambaton Allah. Ya kuma gindaya masa sharaɗi: a kwanakin nan kada ya ci mai rai ko abin da ya fito daga mai rai. Ba nama, ba kifi, ba ƙwai, ba nono, ba man shanu, ba zuma. In ko ɗigo ya shiga cikinsa, da sani ko ba da sani ba, sai ya sake daga farko.

A baki abin kamar wasa. Mahaifiyata Mairo ta ce ai wannan ba wuya, tuwo ne da miyar kuka. A kwana na goma sha tara aka gano yajin da take karɓa a maƙwabta da garin busasshen kifi a ciki. Matar da ta ba ta ba ta yi don mugunta ba, ita a wurinta kifin da aka daka ai ya zama yaji. Aka sake. Karo na biyu ya kai kwana ashirin da shida, sai mai ƙosai ta faɗa cikin hira cewa a man da ta soya kaji ranar suna take suyarta. Mahaifiyata ta yi kuka har idonta ya kumbura.

Malam Bubayero ya tsufa, ido ya tafi, ciwo kuma ya kama shi. Ya aiko cewa Talha ya sake sau ɗaya, don shi bai ga alamar zai jira na huɗu ba. Shekara goma sha huɗu mahaifina ya yi a gabansa. In wannan karon ya ɓaci, shi ke nan.

Ranar da saƙon ya iso, Goggo ta bar wa wata maƙwabciya rumfarta, ta tattaro tabarmarta ta tare a gidanmu. Ba ta zagi kowa ba, amma abin da ta yi ya fi zagi zafi. Ta bi tukwanen mahaifiyata ɗaya bayan ɗaya tana shinshinawa tana turewa gefe. Ta ce tukunyar ƙasa tana shan romo, ko an wanke ta sau ɗari, in ta ji wuta sai ta amayar. Ta sayo sabuwar tukunya, sabuwar muciya, sabon ludayi, sabon turmi. Gyaɗa da kanta take soyawa ta matse mai. Barkono da kanta take dakawa. Daddawa kuwa ta ƙi ta kasuwa, don ta san masu shafa man shanu a tafi kafin su mulmula, sai ta dafa kalwa ta yi tata. Masu kawo nakiya da alkaki don neman lada, ta karɓa ta gode, ta raba wa mutanen gida a gabansu, ta ce akwai zuma. Ita da kanta ta daina taɓa nama da nono, wai kada hancinta ya saba ya daina ji.

Unguwa ta sa mata suna Sarkin Ƙofa. Kowace yamma za ta ajiye akushi a bakin ɗakin, ta ƙwanƙwasa sau ɗaya ta juya. Mahaifina ya ce a karo biyun farko kowace loma da fargaba yake haɗiye ta, amma wannan karon ko kallon akushin ba ya yi.

A kwana na talatin da bakwai, da hantsi, sai ga kakata Inna Husaina, mahaifiyarsu, ta iso daga Bulkachuwa a ƙafa. Ta haura saba'in a lokacin. Labari ya kai mata cewa autanta ya rame, shi ne ta daka masa gumba ta ɗoro a ka. Tun kafin ta zauna ta fara bayani, don an gaya mata sharaɗin: gero ne da ruwan tsamiya da citta, ba nono ba zuma, ta rantse da Allah.

Kowa ya san Inna ba ta ƙarya. Mahaifiyata har ta miƙe za ta kai. Goggo ta ce a ba ta tukuna. Ta ɗaga faifan, ta sunkuya, ta daɗe a sunkuye.

Gaskiya Inna ta faɗa, ba ta zuba komai ba. Amma a ƙwaryarta ta aure ta dama, babbar nan mai zane wadda take kaɗa nono a ciki tun kafin a haifi Goggo. Ta zaɓe ta ne don ita ce mafi daraja a cikin kayanta. Shekara hamsin na man shanu yana cikin jikin ƙwaryar, har gumbar ta ɗauki maiƙo a gefe.

"Inna," in ji Goggo, "wannan ba zai shiga ba."

Inna ta tambayi dalili, aka gaya mata. Sai ta ce, "Da nonona ya rayu, da na ƙwaryar nan ya girma. Yau ke za ki tsaya tsakanina da ɗana?"

"Kwana uku ne ya rage masa, Inna. Ki yi fushi da ni. In ma baki za ki yi mini, na ɗauka. Amma ba zai shiga ba."

Wanda ya san yadda ake tsoron bakin uwa a wurinmu ya san abin da Goggo ta sa a gaba. Ta faɗi haka tana durƙushe, hawaye na zuba, ga ta kuma ta tare hanyar ɗakin da jikinta. Inna ta rufe ƙwaryarta ta ɗauka ta fita, ko ruwan da aka kawo mata ba ta sha ba. Goggo ta tashi ta wanke hannu da toka, ta hau tuƙa tuwon rana.

Duk an ɗauka Inna ta kama hanyar gida. Bayan azahar sai ga ta ta dawo, da sabuwar ƙwarya fara sol daga kasuwa, da gero ƙulle a gefen zane. Ba ta kalli kowa ba. Ta tambayi ina turmin da aka yarda da shi, aka nuna mata. Ta ɗebi toka ta goge hannuwanta har gwiwar hannu, ta ɗauraye, ta sake, sau uku. Ta ɗaure kanta tamau saboda man da ke gashinta. Aka ce a taya ta daka, ta ƙi. Tsohuwar da ta yi tafiya tun asubar jiya ta tsaya ta surfa, ta daka, ta dama, tana hutawa tana ci gaba, Goggo na zaune a gefe ba ta ɗauke ido ba.

Da ta gama, ba ɗakin ta nufa ba. Ta zo gaban 'yar da ta haifa, ta miƙa mata ƙwaryar da hannu biyu.

"Shinshina."

Goggo ta karɓa. Ni abin da ya fi sa ni alfahari shi ne ba ta yi na ganin ido ba. Ta shinshina gumbar, ta shinshina bakin ƙwaryar, ta juya gindinta, ta lakata ta ɗanɗana, kamar yadda za ta yi wa kowace mai talla. Inna tana tsaye tana jira.

"Ya yi, Inna. Ki kai masa da kanki."

Inna ta je ta ajiye, ta ƙwanƙwasa sau ɗaya. Mahaifina ya ce daga lomar farko ya gane hannun, ya ci yana kuka, kuma bai tsaya tambayar kansa ko akwai wani abu a ciki ba, tun da ya san wadda ke bakin ƙofa. Bayan kwana uku ya fito, ya tafi Katagum, ya tarar da Malam Bubayero da sauran numfashi, ya karɓi izininsa.