Ɗorawar da Babana Ya Shuka

A watan Shawwal ɗin nan aka cika shekara bakwai da na karanta wa mutanen ƙauyenmu takardar karɓar gonakinmu, na ce su dangwala hannu. Ni ne mai Turancin. Wai garinmu zai riƙa karɓar manyan taruka da gasar ƙwallo.

Yau da hantsi na jiyo ƙarar inji daga filin gonakin da aka karɓa. Na isa ina haki, na tarar an kafa zarto a gindin ɗorawar da babana ya shuka.

Na ce wa shugaban leburorin, "Dakata! Gona muka bayar, ba itace ba. A nan ko an sayar da gona, ɗorawa ta mai ita ce."

Ya ce, "Baba, matsa kar ta danne ka. Nan motocin baƙi za su tsaya. Takarda ta ce ƙasa da duk abin da ke kanta. Ba a karanta muku ba ne?"

Ni na karanta. Na ga layin, na ɗauka al'ada ta fi shi ƙarfi.

Ku masu gona a bakin gari, wa ke karanta muku takarda?

Kafin azahar ɗorawar ta faɗi. Bana matata ba ta da kalwar daddawa.